Wace ƙaramar bindiga ce ta dace da kare kai ga wanda bai taɓa mallaka ba?

Tambaya: Doka ta ba ni damar neman lasisin ƙaramar bindiga don kare kaina da iyalina, amma ban taɓa mallakar bindiga ba. Wasu na cewa in sayi libarba, wasu na cewa fistol mai magazin. Wasu kuma sun ce sai mai babban harsashi ce ke tsayar da mutum. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Malam, a taƙaice, ga yawancin masu farawa abin da ya fi dacewa shi ne fistol matsakaiciya mai cin harsashin 9mm daga kamfanin da aka daɗe da sanin ingancinsa, ko kuma libarba ta ƙarfe mai matsakaicin nauyi mai cin .38 Special idan hannunka ba ya iya jan saman fistol. Amma kada ka saya don na faɗa. Bindigar da ta dace da kai ita ce wadda ka harba da hannunka ka ga kana samun abin da ka saita, kuma take tashi duk lokacin da ka ja kunama. Girman harsashi da sunan kamfani duk a bayan waɗannan biyu suke.

Kafin komai sai maganar doka, tunda ka ce ta ba ka dama. Ka tabbatar da abin da ta ba ka daidai, domin izinin mallaka daban, izinin ɗauka a jiki a fita da ita daban, dokar yaushe ya halatta ka harba kuma daban. Ƙasashe sun sha bamban matuƙa. A Amurka kotun ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa mutum na da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai, amma kowace jiha da nata sharuɗɗan. Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan dukkan ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan makarantar Dunblane na 1996. Kanada ta dakatar da saye da sayar da su a 2022. A ƙasashe da yawa ba a ba farar hula ita sai da izini na musamman mai wuyar samu. Duk bindigar da aka saya ta bayan fage, ko ƙirar gida wadda ba ta da lamba, a ƙasashe da yawa laifi ce mai kai mutum gidan yari tun kafin ya harba ko sau ɗaya, ga haɗarin ta fashe masa a hannu domin ba wanda ya gwada ƙarfin ƙarfenta. Ka saya a wurin dillali mai lasisi, da takarda.

To, ga bambancin iri biyun. Libarba tana da ganga mai juyawa wadda ke ɗaukar harsashi 5 ko 6 a mafi yawan lokuta. Idan ka ja kunama, ita ce ke juya gangar, ta ɗaga hamar baya, ta sake ta. Saboda kunamar ce ke yin duk wannan aiki, jan ta yana da tsawo da nauyi, wajen kilo 4.5 zuwa 5.5. Wannan nauyi yana da amfani, domin da wuya ka harba ba da niyya ba, amma shi ne kuma ke sa sabon mai harbi ya karkatar da baki yayin ja, harsashi ya tafi ƙasa ko gefe. Alherin libarba shi ne sauƙin fahimta. Ka buɗe ganga ka gani da idonka ko akwai harsashi ko babu. Idan wani harsashi ya ƙi tashi, ka sake jan kunama, ganga ta kawo na gaba. Ba ta damu da yadda ka riƙe ta ba, kuma tana iya zama a akwati shekara da shekaru ta tashi yadda aka bar ta.

Amma maganar da ake yawan yi cewa libarba ba ta taɓa maƙalewa ba gaskiya ba ce. Tana maƙalewa, kuma idan ta yi, yawanci sai an zauna da kayan aiki. Ƙwayar albarushin da bai ƙone ba idan ta shiga ƙarƙashin tauraron da ke turo kwanso, ganga ba za ta rufu daidai ba. Sandar turo kwanso tana iya warwarewa a hankali har ta hana ganga buɗewa. A libarba marar nauyi ƙwarai, ƙarfin harbi yana iya jawo kan harsashin da ke jira ya leƙo waje daga kwansonsa ya tokare gangar. Sannan akwai ɗan tsagi tsakanin ganga da bututu wanda iskar wuta ke fita ta cikinsa da ƙarfi. Duk wanda ya ɗora babban yatsansa a wurin, musamman da harsashi mai ƙarfi irin .357 Magnum, zai ji rauni mai tsanani. Sake ɗura ta ma yana ɗaukar lokaci.

Fistol mai magazin kuwa harsasanta suna jere a cikin magazin da ke shiga ƙota. Ƙarfin harbin da ka yi ne ke tura silaid, wato saman bindigar mai zamewa, ya koma baya, ya fitar da kwanso, sifirin ya dawo da shi gaba ya ɗauko sabon harsashi ya cusa a gindin bututu. Matsakaiciya irin Glock 19 tana ɗaukar 15, bututunta milimita 102, nauyinta ba harsashi bai kai giram 700 ba, kunamarta kuma wajen kilo 2.5. Akwai takwarorinta da yawa daga Smith & Wesson, SIG Sauer, CZ, Walther, Beretta da Heckler & Koch, kuma tsakanin waɗannan bambancin inganci kaɗan ne; abin da zai raba maka su shi ne yadda kowacce ta zauna a hannunka. Fistol ta fi libarba sauƙin samun saiti saboda gajeren jan kunama, ta fi yawan harsashi, kuma canza magazin ba ya ɗaukar lokaci.

Kuɗin da ake biya a kan wannan shi ne tana buƙatar ka san ta. Tana son riƙo mai ƙarfi. Idan wuyan hannu ya yi laushi, bindigar gaba ɗaya ce ke komawa baya tare da silaid, sai silaid ya kasa kai ƙarshen tafiyarsa, kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar fita. Maganinsa a take shi ne ka doki gindin magazin da tafin hannu don ya zauna, ka ja silaid baya da ƙarfi ka sake shi. Idan kuwa kwanso ya ƙi fitowa kuma sabon harsashi ya tokare a bayansa, wannan dabara ba ta yi. Sai ka kulle silaid a baya, ka fizge magazin, ka ja silaid sau biyu ko uku, ka sa wani magazin. Yawancin irin waɗannan matsaloli daga magazin suke fitowa, ko leɓensa ya buɗe saboda faɗuwa, ko sifirinsa ya gaji. Shi ya sa ake son ka mallaki aƙalla guda uku na asalin kamfanin, ka rubuta wa kowanne lamba a gindi, duk wanda ya maimaita matsala ka cire shi daga aiki.

Akwai abu ɗaya game da fistol da ya kashe mutane da yawa a cikin gidajensu, kuma ina so ka riƙe shi fiye da duk wani abu a wannan amsa: cire magazin ba ya nufin bindiga ta zama fanko. Harsashi ɗaya yana iya kasancewa a gindin bututu. Tsarin shi ne magazin ya fita da farko, sannan a ja silaid, a kulle shi a baya, a duba da ido, a taɓa da yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya ja silaid kafin ya cire magazin, ya fitar da harsashi ɗaya ne ya ɗura wani. Wasu fistol, ciki har da Glock, sai an ja kunama kafin a kwance su don wanki, kuma a nan ne ake yawan harbin kai a cinya ko a hannu.

Yanzu girman jiki, inda masu farawa suka fi yin kuskure. Mutum zai ga 'yar ƙaramar bindiga mai shiga aljihu ya ce wannan ce ta dace da ni, ko ya saya wa matarsa don yana ganin za ta fi mata sauƙi. Akasin haka ne. Harsashi iri ɗaya a bindiga marar nauyi ya fi dukan hannu, domin babu nauyin ƙarfen da zai shanye ƙarfin. Ƙotarta gajera ce, ƙaramin yatsa na lilo a iska. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajera ce, don haka ɗan kuskure kaɗan a ido yana zama babba a wurin da harsashi zai sauka. Sifirinta kuma yakan fi tauri, jan silaid ya fi wuya. Sakamakon shi ne mai ita ya harba ashirin, hannunsa ya yi zafi, ya fara runtse ido yana dukar da baki tun kafin harbi ya tashi, daga nan ya daina zuwa atisaye gaba ɗaya. 'Yar libarba mai harsashi 5 da gajeren bututu da jikin alminiyam tana cikin bindigogi mafi wuyar sarrafawa, duk da cewa ita aka fi miƙa wa sababbi. Idan bindigar gida ce ba ta yawo ba, babu dalilin zaɓar ƙarama ko kaɗan. Ɗauki matsakaiciya ko cikakkiya. Idan ta ɗauka a jiki ce kuma doka ta yarda, to a nan ne ake sassauci, kuma ƙanana irin SIG P365, wadda ta fito a 2018 da harsashi 10 a ƙaramin jiki, sun rage tazarar. Duk da haka koyo da matsakaiciya ya fi.

Sai harsashi. Wannan muhawara ta daɗe, kuma tarihin hukumar FBI ta Amurka ya isa misali. A watan Afrilun 1986 jami'anta sun yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a Miami, aka kashe jami'ai biyu. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya samu harbin 9mm tun da wuri, amma harsashin ya tsaya kafin ya kai zuciya, ya ci gaba da faɗa. Daga nan hukumar ta kafa ma'aunin gwaji: harsashi ya shiga zurfin inci 12 zuwa 18, wato kusan santimita 30 zuwa 46, a cikin wani daskararren jeli da ke kwaikwayon tsokar jiki, ko da ya ratsa tufafi masu kauri ko wani shinge. Suka koma manyan harsasai, har aka ƙirƙiro .40 S&W a 1990. Bayan shekaru fiye da ashirin, da ƙirar kan harsashi ta inganta, sai suka dawo 9mm, bisa hujjar cewa na zamani yana cika ma'aunin, jami'ai sun fi samun saiti da shi, kuma bindiga ta fi ɗaukar da yawa. Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne duk harsasan ƙaramar bindiga raunana ne idan aka kwatanta da na doguwa. Babu harsashin da ke ɗaga mutum ya jefar. Inda harsashi ya sauka da zurfin da ya shiga su ne ke yin aiki, kuma bambancin faɗi tsakanin 9mm da .45 bai kai milimita uku ba.

Saboda haka 9mm, wanda cikakken sunansa 9x19 ko 9mm Luger, shi ne zaɓin da ya fi hankali: dukansa matsakaici ne, ana samunsa kusan ko'ina da ake sayar da harsashi bisa doka, kuma ya fi sauran manyan araha, wanda ke nufin atisaye mai yawa. .380 ACP ya fi shi rauni kuma yana bakin iyaka wajen zurfi, amma ga mai ciwon gaɓoɓi ko raunin hannu, fistol matsakaiciya mai .380 da silaid mai laushi ta fi 9mm da ba zai iya sarrafawa ba. .45 ACP da .40 suna aiki, sai dai ba su ba sabon mai harbi komai face ƙarin duka. .22 LR ba ya dukan hannu kuma yana da kyau ga koyo, amma irin ƙirar gindinsa ta sa ya fi sauran ƙin tashi, don haka ba a so a dogara da shi sai in babu yadda za a yi. A libarba, dabara mai kyau ita ce ka sayi wadda aka ƙera don .357 Magnum mai bututun inci 3 ko 4 ka riƙa sa mata .38 Special, tana cin duka biyun, nauyinta kuma yana shanye dukan. Akasin haka ba ya yiwuwa, .357 ba ya shiga bindigar .38. Ka kula kuma da sunaye masu kama da juna: 9x19, 9x18 Makarov da 9x17, wanda shi ne .380, harsasai ne daban-daban. Abin da aka zana a jikin bututun bindigarka shi kaɗai za ka sa mata.

Kan harsashi ma iri biyu ne. Mai rufaffen kai na tagulla na atisaye ne. Ba ya buɗewa, yana iya ratsa mutum ya wuce ya sami wanda ke bayansa. Mai rami a kai yana buɗewa idan ya shiga, ya rage gudu, haɗarin wucewa ya ragu. Shi ake so don kare kai inda doka ta yarda, domin akwai wuraren da aka taƙaita shi. Ko wanne ne, kada ka ɗauka bango zai tare shi. Bangon katako ko na allon filasta da ƙofa da taga, harsashin ƙaramar bindiga yana ratsa su cikin sauƙi, kuma wanda ke kwance a ɗaya ɗakin ɗanka ne.

Yadda za ka gwada kafin saye: ka je filin harbi mai lasisi inda ake ba da haya, tare da malami, ka harba aƙalla iri uku. Da bindigar fanko, bayan kai da malamin kun duba, ka riƙe ta yadda bututu zai yi layi ɗaya da ƙashin hannunka, ƙota ta zauna a tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni. A haka, tsokar gaɓar farko ta manuninka ta kai fuskar kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. Idan sai ka juya riƙo kafin ka kai, ƙotar ta yi maka girma. Yawancin na zamani suna zuwa da bayan ƙota mai canzuwa, ka gwada ƙarami. Ka ga ko kana iya jan silaid ka kulle shi, ko babban yatsanka na kai madannin sakin magazin. Wanda jan silaid ke ba wuya, sau da yawa dabara ce ta ɓace masa ba ƙarfi ba: ka kawo bindigar kusa da ƙirji bakinta na kallon wuri marar haɗari, ka damƙe silaid da dukan tafin hannu ta sama, ka tura ƙotar gaba da ɗaya hannun. Sannan ka harba a tazarar mita 5 zuwa 7, ka ga wacce ce ke tara maka harbi biyar a faɗin tafin hannu ba tare da ka yi ta fama ba. Wannan takardar da ka huda ta fi shawarar kowa, har da tawa.

Game da makullin sefti na babban yatsa, akwai masu shi akwai marasa shi, kuma duka suna da hujja. Marasa shi suna da kariya a ciki wadda ke hana allurar da ke dukan gindin harsashi motsi sai an ja kunama. Idan ka zaɓi mai shi, dole ka maimaita sauke shi har ya zama jiki, domin a firgice mutum yana mantawa ya yi ta jan kunama ba abin da ke faruwa.

Bayan ka saya, kada ka yarda da ita sai ta ci jarrabawa. Ka wanke man ajiya da ta zo da shi, ka sa mata mai kaɗan a inda littafinta ya nuna, ka harba harsashin atisaye 200 zuwa 300 da dukkan magazin ɗinka, sannan aƙalla 50 na ainihin wanda za ka ajiye a cikinta, domin wasu fistol suna ƙin wani irin kai mai rami. Idan a tsakiyar harbi ka ji ƙara mai rauni da duka marar ƙarfi, ka tsaya nan take. Alama ce kan harsashi ya maƙale a cikin bututu, kuma harbi na gaba zai iya fasa bindigar. Idan kuwa ka ji ƙas kawai ba harbi a wurin atisaye, ka bar baki yana kallon gaba na wajen daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, don wani harsashin yana jinkirin tashi. Harsashin da kake ta ɗurawa kana cirewa kullum, kansa yana nutsewa cikin kwanso a hankali, matsin wuta ya ƙaru. Ka riƙa kwatanta tsayinsa da sabo, wanda ya gajarta ka cire shi.

Kasafin kuɗinka kada ya ƙare a kan bindigar. Akwai akwatin ƙarfe mai kulle da ke buɗewa da sauri, wanda za a ɗaure a bango ko a jikin wani abu mai nauyi. Akwai kube mai tauri da aka ƙera don ainihin irin bindigarka, wanda ke rufe kunama gaba ɗaya. Kuben yadi mai laushi yana lanƙwashewa ya shiga wurin kunama, kuma lokacin mayar da bindiga kube ne ake yawan harbin kai, don haka a hankali ake yi, ana kallo, ba gaggawa. Akwai tocila mai ƙarfi, domin harbin inuwa a duhu shi ne yadda mutane ke kashe 'yan gidansu da suka tashi shan ruwa. Akwai abin toshe kunne da tabarau na atisaye, tunda ƙarar harbi tana kai wajen desibel 160, wadda sau ɗaya ma tana iya lalata ji. Sai kuɗin horo da na harsashin da za ka riƙa harbawa duk wata. Wanda ya sayi bindiga mai matsakaicin farashi ya kashe ragowar a horo ya fi wanda ya zuba duka a kan mai tsada.

Ƙa'idoji huɗu da ake koyarwa a kowane filin harbi su ne: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba, yatsa ya zauna a wajen kunama har sai ka saita kuma ka yanke shawarar harbi, ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. An tsara su ne yadda sai an karya biyu a lokaci guda kafin a yi asarar rai.

Abu na ƙarshe da dole ka auna tsakaninka da Allah shi ne su wa ke cikin gidan. A Amurka, inda aka fi tattara alƙaluma, fiye da rabin mutuwar da bindiga ke jawowa a shekara kisan kai ne da mutum ke yi wa kansa. Idan akwai mai fama da matsananciyar damuwa a gidan, ko mai shaye-shaye, ko rikicin aure da ke kai wa ga duka, bindigar ta fi zama haɗari ga mutanen gidan fiye da ɓarawon da ake tsoro, kuma a irin wannan hali gara a jinkirta sayen, a sa kuɗin a ƙofa mai ƙarfi, fitilun waje da ƙararrawa. Yara kuwa suna gano duk maɓoyar da iyaye ke ganin ba a sani ba, saman kabad ne ko ƙarƙashin katifa, kuma yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana iya jan kunamar fistol da manyan yatsunsa biyu, baki na kallon fuskarsa. Bindigar da ba ta jikinka tana cikin akwati a kulle, mabuɗi ko lambar kuma a wurinka kai kaɗai ko da wani babba da ya samu horo irin naka.